Ɗakin Baƙon Da Bai Iso Ba Tukuna

Na san na yi muku alkawari a makon jiya cewa za mu ƙarasa zancen kuɗin haya da 'yan kamasho a birnin Ikko. To, ku yi mini gafara, wata magana ta sha gabansa. Ran Lahadin da ta wuce aka yi suna a gidan ɗan yayata, aka raɗa wa yaro suna, aka ci aka sha, maijego da jaririnta suna cikin ƙoshin lafiya. Ina zaune cikin taron sai na tuna da wata shari'a da aka kira ni na yanke a wannan gida wata biyu da suka wuce. Na ce a raina lalle wannan ba maganar gida ɗaya ba ce, gara in kawo ta fili kowa ya ji.

Yaron nan ma'aikaci ne, yana zaune a Agege, a wani gidan bene mai ɗaki biyu da falo. Bara ya yi aure, bana kuwa Allah ya ba matarsa rabo. Ciki ya shiga wata na takwas ke nan, ran wata Asabar da hantsi, sai ga wayarsa, murya na rawa, ya ce, "Kawu, don Allah ka zo ka raba ni da Gwaggo." Gwaggon nan ƙanwar uban matar ce, tsohuwa mai ƙarfin jiki da kaifin harshe, wadda iyayen yarinyar suka turo daga ƙasar Katsina ta zauna da ita har a yi arba'in, tun da likita ya hana ta doguwar tafiyar mota zuwa gida.

Tun daga matakala na fara jin warin. Da na shiga, ko ruwa ban sha ba ya ja ni zuwa ƙaramin ɗakin, ya buɗe ƙofa yana alfahari. Bango shuɗi ne mai ƙyalli kamar jikin sabuwar mota, an zana taurari da jinjirin wata da rawaya can sama, ƙarafan taga an shafe su da ja. Ga gadon jariri na katako mai shinge a tsakiya, ga kabad a buɗe cike da 'yan riguna da huluna. Ban yi minti biyar a ciki ba idanuna suka fara raɗaɗi, kaina ya fara sarawa. Kwana uku ke nan da gama fentin. Matar kuwa tana kwance a falo da gefen mayafi a hanci, an ce tun shekaranjiya ta ke amai.

Gwaggo ba ta jira na zauna ba. Ta ce, "Malam, kai ne babba, ka ja masa kunne. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin an yi wa ɗan da ke ciki ɗaki ba. Wa ya ba shi labarin abin da Allah zai sauke? Sa'an nan wai jinjiri ya kwana shi kaɗai kamar maraya, uwarsa tana wani ɗakin. Ga wannan wari da ko akuya ba ta zama a cikinsa." Shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni fa tsabta na ke nema wa ɗana. Abin da Gwaggo ta ke so shi ne a toshe taga a hura gawayi a ɗaki, a yi yadda a ke yi a ƙauye. Nan kuwa Ikko ce."

Bari in fara da maganar Gwaggo ta farko, cewa ba mu san shirya wa ɗan ciki wuri ba. Wannan magana da gyara. A garinmu, sa'ad da na ke yaro, in cikin fari ya kai wata bakwai a kan mai da yarinya gidan iyayenta goyon ciki. Kafin ta iso an riga an gyara ɗakin da za ta sauka, yawanci na uwarta ko na wata tsohuwa a gidan. In bango ya zaizaye a yi masa yaɓe, a toshe ramukan ɓera da na kunama, a kakkaɓe yana daga azara. In daɓe ya farfashe sai a gayyato matan unguwa, a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, su durƙusa da madaɓai suna bugu suna waƙa har ƙasa ta kwanta sumul. Sa'an nan a shafe ta da ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, wanda ke sa daɓe ya yi duhu ya yi tauri kamar dutse. Bango kuwa farar ƙasa a ke damawa a shafa da tsumma ko da tafin hannu, kafin la'asar ta bushe, ba wari ba hawaye. Shi kuma mijin, tun ciki na wata shida ya fara tara itacen wanka a bayan ɗaki, ya yi cinikin rago a asirce, ya ajiye kuɗin ƙauri da na yaji. Ashe duk wannan shiri ne. Abin da ba a yi kurum shi ne a ambaci dalili. In ka tambayi tsohuwa me ya sa a ke daɓe, sai ta ce maka ɗakin ne ya tsufa.

Wannan shiru yana da tushe. Akwai kunyar ɗan fari, wadda kowane Bahaushe ya sani. Amma akwai abin da ya fi kunya nauyi. Matan nan sun binne 'ya'ya. Gwaggo kanta tara ta haifa, biyar ne a raye. Macen da ta taɓa ninke 'yan rigunan da ba a kai ga sawa ba ta mai da su akwati, ba za ta so ganin an shimfiɗa gado kafin mai gadon ya zo ba. Kada wani ɗan boko ya ce wannan tsoron zamanin da ne. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba su kai shekara biyar, 39 daga cikinsu ma ba su cika wata guda. Saboda haka in tsohuwa ta ce a rufe kabad ɗin nan, ni ba na yi mata dariya. Duk da haka ban ga laifin wanda ya yi shiri ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayar dai ita ce wane irin shiri, kuma yaushe.

Shi ɗakin jariri na musamman, da fentinsa da taurarinsa, baƙo ne a wurinmu, kuma ya kamata mu san asalin baƙo kafin mu ba shi masauki. A Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya ya yi ƙarfi, a gidajen masu hali, inda a kan keɓe wa yara ɗaki can ƙuryar saman bene, a ɗauko mace a biya ta ta yi renonsu, iyaye kuwa sai a kawo musu yaran su gan su na ɗan lokaci da maraice. Talakan Ingila na wancan zamani ɗaki ɗaya ya ke kwana da 'ya'yansa, kamar mu. Zancen shuɗi na namiji, ruwan hoda na mace, shi ma bai daɗe ba. A Amurka bai zauna daram ba sai wajen shekarun 1940, kafin nan har akwai kantunan da ke cewa namiji a ke sa wa ruwan hoda. 'Yan kasuwa ne suka ɗaure masa gindi, sa'an nan na'urar hoton ciki ta zo ta ba mutane damar sanin launin da za su saya tun ɗa bai faɗo ba. Yau ga hotunan irin waɗannan ɗakuna a wayar kowace amarya, ta duba nata ɗakin ta ji kamar an cuce ta.

Abin mamaki, su masu al'adar sun fara dawowa daga rakiyarta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka da hukumar lafiya ta Ingila bakinsu ɗaya yanzu: jariri ya kwana a ɗakin da uwarsa ta ke, a kan shimfiɗarsa ta kansa kusa da ita, aƙalla wata shida na farko. Sun gano haka yana rage mutuwar farat ɗaya da kan ɗauke jarirai cikin barci, yana kuma sauƙaƙa shayarwa da dare. A nan Gwaggo ta ci shari'a, ba ta ma san tana da shaidu a Turai ba.

To, mu zo kan fentin kansa, don shi ne ya fi damuna. Fentin gida iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ruwa, wanda a ke tsinkawa da ruwa, ya bushe cikin 'yan sa'o'i, warinsa kuma ba shi da ƙarfi. Akwai na mai, mai ƙyalli, wanda a ke tsinkawa da kananzir ko wani mai irinsa. Na biyun nan ƙofofi da tagogi da ƙarafa aka fi yi da shi, amma mai fentin da yaron ya ɗauko ya ce masa in aka shafe bangon duka da shi, ko yaro ya yi zane nan gaba sai a goge da soso. Warin da ya sa ni hawaye, man nan ne ke tashi yana bin iska, kuma ba ya ƙarewa ranar da fenti ya daina kama hannu. Ya kan ɗauki kwanaki, wani sa'i makonni, balle a ɗaki mai taga ɗaya cikin damshin Ikko. Shi ke kawo ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Babba in abin ya ishe shi ya fita ya sha iska. Jariri da ke kwance wuri ɗaya dare da rana, yana numfashi ninki biyu na babba ko fiye, ina za shi?

Amma wari mai gaskiya ne, yana gaya maka yana nan. Wadda na fi tsoro ita ce wadda ba ta da wari, watau dalma. Mutanen Arewa ba su bukatar dogon bayani a kan gubar dalma. A 2010 ne aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, saboda dutsen zinariya da a ke dakawa a niƙa cikin gidaje, ƙurarsa cike da dalma. Yara wajen 400 suka rasu, dubbai suka kamu. A 2015 abin ya sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. To, dalmar nan dai ita ce masu yin fenti suka daɗe suna zubawa a fentin mai, don launi ya fito sosai, ya bushe da wuri, ya kuma hana ƙarfe tsatsa. Rawaya da ja da ruwan lemo da kore su suka fi ɗaukarta, watau launukan da a ke zaɓa wa yara.

Ba ina cewa fenti zai yi irin kisan da ma'adinin Zamfara ya yi ba, can yawanta ne ya wuce misali. Ta fenti sannu a hankali ta ke aiki. Bango ya tsufa, fenti ya fara ɓarewa, ana buɗe taga ana rufewa kullum tana gogar ƙarfenta, ƙura ta sauka ƙasa. Yaro ya fara rarrafe, hannu a ƙasa hannu a baki. Ɓawon fentin kuma ɗan zaƙi gare shi, in yaro ya ɗanɗana sai ya koma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma babu wani ɗan adadi nata da za a ce ba ya cutarwa. Ƙwaƙwalwa ta ke taɓawa, abin da ta ɓata kuwa ba ya komawa daidai. Sau da yawa yaro ba zai yi zazzaɓi ba, ba zai yi kuka ba. Sai ya shiga makaranta a ga ba ya riƙe karatu, ba ya zama wuri ɗaya, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Ɗan da ke ciki ma bai tsira ba, domin dalmar da ta shiga jinin uwa tana ratsa mabiyiya ta isa gare shi.

Wannan sani ba na jiya ba ne. Tun 1904 wani likita a birnin Birisben na Ostareliya, mai suna Lockhart Gibson, ya gano cewa fentin shingen baranda ne ke sa wa yaran garin ciwo. Faransa da Beljiyam da Ostiriya sun hana farar dalma a fentin cikin gida a 1909. Amurka ta yi ta jan ƙafa har 1978. Mu kuwa, wani bincike da aka buga a 2007 a kan fentin gida da a ke sayarwa a Nijeriya ya tarar fiye da tara cikin goma sun wuce ƙa'ida, rawaya ce a kan gaba. Iyakar da ƙasashe suka fi amincewa da ita yanzu ita ce kashi 90 cikin miliyan, hukumominmu ma sun ɗauke ta, waɗansu kamfanoni kuma sun daina zuba dalma. Sai dai doka ba ta kankare fentin da ya riga ya hau bango. Gidajen haya na Ikko da Ibadan da Fatakwal shafi kan shafi ne, wani tun zamanin mulkin soja. Ga kuma wanda a ke haɗawa a bayan shago a ɗura a galan marar suna, a sayar da araha.

Da na tambayi yaron yadda aka yi aikin sai gabana ya faɗi. Ya ce ai mai fentin ya yi aiki tsakani da Allah, sai da ya kwana biyu yana kankare tsohon fentin taga da ƙofa da samfefa, ƙura ta turnuƙe gidan, matar ce ma ta share da tsintsiya. Cikin duk abin da aka yi a gidan nan wannan ne mafi muni. Tsohon fenti in yana zaune lafiya bai ɓare ba, gara a bar shi a shafa sabo mai kyau a kansa ya rufe shi. In kuwa tilas sai an kankare, a jiƙa shi tukuna, a fitar da mai ciki da yara daga gidan, a kwashe ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share ta a bushe ta tashi sama ta sake sauka a kan kwano da katifa. Na ce masa ran Litinin da sassafe ya kai ta awo ya gaya wa likita abin da ya faru, kada ya ɓoye kome, in likita ya ga a gwada jininta a gwada.

Duk wannan bayani Gwaggo tana gyaɗa kai tana murmushi, ta ɗauka shari'a ta ƙare. Sai na juya na ce, "Hajiya, saura naki kayan. A buɗe mana akwatin mu gani." Ta harare ni, amma ta buɗe. Ga kaskon wuta an naɗe shi da tsohon zane, ga ƙullin kanwa ungurnu da ya kai kan yaro, ga kwalli a tandu, ga zannuwan goyo sababbi fil, tsakankaninsu ƙwallayen kafur farare suna ta ƙamshi.

Na fara da kaskon. Ɗakin ƙauye rufin ciyawa gare shi ko ƙofar asabari, iska na shiga tana fita ko an so ko ba a so ba. Ɗakin siminti mai tagar gilashi kuwa, in an rufe shi tulu ne. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fid da wata iska marar launi marar wari, ita ce dai wadda ke kashe iyali guda cikin dare in an kwana da janareta a cikin gida. Kafur ɗin nan da a ke jefawa cikin kaya don kyankyaso da asu, likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna kuka da shi. Da yawa cikin 'ya'yanmu, musamman maza, an haife su da wani rauni a jini wanda ba a gani da ido. In sinadarin kafur ya shige su ta numfashi ko ta fata sai ƙwayoyin jininsu su farfashe, ciwon shawara mai tsanani ya kama jariri, ido ya yi rawaya, in ba a hanzarta ba ya taɓa ƙwaƙwalwa. Kayan jariri wanki da sabulu da shanya a rana da guga sun ishe su. Kwalli kuwa, irin na dutse mai ƙyalƙyali da a ke niƙawa, asalinsa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan asalin Nijeriya, da aka bi sawu sai aka tarar tozalin da a ke sa masa ne, fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Watau abin da na gama tuhumar fentin ɗan zamani da shi, ga shi nan a tandun tsohuwa.

Kanwa ma na taɓa ta kaɗan. A shekarun 1970 waɗansu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 da ciwon zuciya ya kama bayan haihuwa, suka danganta yawansa da shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, ga wankan ruwan zafi safe da yamma. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai waɗansu dalilan, har da talauci da ƙarancin wani sinadari a abinci, don haka ba a ɗora wa al'ada laifin duka ba. Amma gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gama ɗawainiyar ciki wata tara kuwa ba ta bukatar ƙarin kaya.

Gwaggo ta ce, "To, mu da aka yi mana duk wannan, ga mu da ranmu." Ni kuma bakina ya riga hankalina, na ce, "Hajiya, waɗanda ba su rayu ba ai ba su zo nan ba da shaida ba." Ɗakin ya yi tsit. Ta dubi hannuwanta, ba ta ce uffan ba. Sai a lokacin na tuna da huɗun nan nata. Na ba ta haƙuri nan take, na kuma sake ba ta washegari, har yau in na tuna sai in ji nauyi. Maganar gaskiya ce, amma ba haka ya kamata in faɗe ta ba.

Gadon jaririn ma bai tsira daga bincike ba. Na gwanjo ne, ba wanda ya san shekarar da aka yi masa fenti, yaro kuwa in haƙori ya fara tsirowa shingen gado ya ke gurgura. Tazarar sandunansa ta fi tafin hannuna, alhali bai kamata ta wuce santimita 6 ba, watau kamar yatsu uku na babba, in ta fi haka jikin jariri na iya zurarewa kai ya maƙale. Gefensa ɗaya kuma zuge shi a ke yi ƙasa, irin da Amurka ta hana sayarwa tun 2011 bayan ya hallaka jarirai. Abin da a ke so shi ne katifa mai tauri wadda ta cika gadon ba rami a gefe, ba matashi, ba tulin barguna, ba 'yan tsanan auduga. A kwantar da jariri rigingine, kada a yi masa rub da ciki. Tun da aka fara wannan kira a Ingila a 1991 da Amurka a 1994, mutuwar jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasashen biyu. Mu kuma muna da ƙarin da su ba su da shi, watau gidan sauro mai magani, wanda ya fi maganin sauro mai hayaƙi da a ke kunnawa a gindin gado.

Wanda ya ce lalle sai ya yi fenti, ban hana shi ba, ɗaki mai haske yana faranta ran maijego. Amma ya yi tun ciki na wata biyar ko shida. Ya sayi na ruwa, a rufaffen gwangwani mai sunan kamfani, ya karanta jikinsa ya ga ko an rubuta babu dalma. Matar ta tafi gidan 'yan'uwa har wari ya fita sarai, kada ta taɓa buroshi. Mai ɗaki ɗaya kuwa, wanda shi ne mafi yawanmu a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan, kada ya ji an bar shi a baya. Ya fitar da kaya waje ya wanke bango da ƙasa, ya gyara ragar taga, ya mai da risho da janareta nesa da ƙofa, ya rataya gidan sauro. Ya gama abin da ya fi muhimmanci, bai kuwa ci bashi ba.

Ga yadda muka rabu ran nan. Matar da Gwaggo suka koma gidana mako biyu, uwargidana ta sami abokan hira. Yaron da wani abokinsa suka goge gidan kaf da jiƙaƙƙen tsumma har sau uku, aka wanke labule da zannuwan gado, aka bar tagogi a buɗe, fanka tana fuskantar waje. Shuɗin ɗakin aka ja masa ƙofa. Ɗakin kwanansu ba a yi masa fenti ba, wanke shi aka yi, aka matsar da kabad don a sami wurin ƙaramin gado wanda wani kafinta ya yi musu da farin katako, an goge shi sumul ba shafi. Likita ya duba yarinyar ya ce ba abin tashin hankali. Gwaggo ta haƙura da kasko da kafur, wanka kuwa ta ce ba mai hana ta, amma ta yarda a surka ruwan, a kuma riƙa dama kunun gyaɗa. Abu ɗaya ta roƙa, a kwashe 'yan rigunan nan a sa a akwati a rufe har sai ta ji kukan yaro da kunnenta. Ya kwashe su da hannunsa.

Ranar suna na leƙa shuɗin ɗakin. Wari ya fita. An jibge kayan barka da kulolin abinci a ƙarƙashin taurarin, takalman mata sun cika bakin ƙofa. Ina fitowa Gwaggo ta yafito ni gefe, ta kwance bakin zanenta ta nuna mini tandun kwallin. Ta ce, "Malam, ka gan shi nan. Idona kaɗai na ke sa wa, ni kuwa karatuna ya riga ya ƙare."